Inda Aka Ce Ba Abin Gani

Ranar kasuwar Gwarzo ce, cikin dogon hutu, damina ta zauna sosai. Safara'u tana shagon yayanta Badamasi, inda yake sayar da irin shuka da taki da magungunan dabbobi. Ita malamar firamare ce a Garo, amma in an yi hutu takan biyo shi ta tsare masa shago idan zai shiga cikin kasuwa. Tana jera fakitin irin tumatir sai ga wani saurayi ya shigo, dogo, da farar riga mai gajeren hannu da takalmin roba har gwiwa, waya manne a kunnensa. Bai ƙarasa sallamar ba ya ɗaga mata hannu wai ta jira.

Ta jira, kuma a cikin jiran nan ta ji abin da ya tayar mata da rai.

Yana gaya wa abokinsa cewa an jefo shi ƙarshen duniya. Wai sati uku ke nan da turo shi aiki, ya duba gabas ya duba yamma bai ga abin da mutum zai ɗaga kai ya kalla ba, daga jakuna sai kara. Wai in Juma'a ta yi, ana sallamewa yake kama hanyar Kano, don duk wanda ya yi Asabar a nan sai ya manta sunansa. Ya yi dariya, ya kashe wayar, sannan ya ce a ba shi maganin tsutsar awaki kwalba biyar.

"Babu," in ji Safara'u.

Ya nuna kantar da ke bayanta. "Ga shi can ina gani."

"Au, ashe kana gani? Na ji ka ce sati uku ba ka ga komai ba."

Sai a lokacin ya dube ta da kyau. Ya fara cewa wasa yake yi da abokinsa, ta ce ba ta ga abin wasa ba. Ta tambaye shi ina da ina ya je a sati ukun. Ya yi tunani, ƙarshe dai ya amsa cewa daga ɗakin hayarsa sai ofis, daga ofis sai teburin mai shayi, sai kuma inda aka kira shi ya yi wa dabba allura ya juyo. Ta yage murfin wani kwali, ta ɗauki biro ta rubuta wurare bakwai tana danna shi kamar za ta huda kwalin. Ta miƙa masa ta ce in ya je waɗannan ya dawo ya ce ba abin gani, ita da kanta za ta ba shi haƙuri a gaban mutane.

Ana haka Badamasi ya dawo. Ya ba baƙon maganinsa, ya kuma ba shi haƙuri, ya ce ƙanwarsa ce, haka Allah ya yi ta. A bakin Badamasi ta ji sunansa: Fahad, likitan dabbobi, ɗan cikin birnin Kano.

Ba a kansa Safara'u ta fara jin irin wannan magana ba. Shekara uku ta yi a kwaleji a Kano, 'yan ɗakinsu suna tambayarta ko a garinsu an san firji, suna kwaikwayon maganarta in ta juya baya. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne, tumatirin miyarsu da raken da suke sha da nonon furarsu duk daga irin garuruwan nan suke fitowa. Kullum motocinsu suna ratsa Garo a guje, ba wanda ya taɓa taka birki ya ga me ke bayan shagunan bakin titi, amma kowa ya riga ya yanke hukunci.

Ta ɗauka zai jefar da kwalin a kwata. Asabar da hantsi sai ga saƙo ya shigo wayar Badamasi, ta lambar da ke jikin allon shago.

"Don Allah a gaya wa Malama na je na ɗaya, madatsar Guzuguzu. Na tarar masunta suna fitowa da kwale-kwale, wani ya gasa min karfasa a bakin ruwa. Ban ce komai ba tukuna. Saura shida."

Ta ce wa Badamasi ya amsa masa cewa tana fata dai bai nemi cokali ba.

Sati na gaba ya hau dutsen da ta rubuta masa a gefen Lakwaya, washegarin wani ruwa mai ƙarfi. Ya zame sau biyu, wandonsa ya yage a gwiwa, amma da ya kai sama ya ga gero da dawa shimfiɗe har inda ido ya tsaya, da kukoki tsaye a tsakani, da hayaƙin gidaje yana tashi nan da can, sai ya zauna ya manta da ciwon. Na uku wata ruga ce da ya riga ya je sau biyu yin allura bai taɓa zama ba. Wannan karon ya zauna, aka dama masa fura da kindirmo a ƙwarya, suka yi hira da mai garken har azahar. Daga nan Badamasi ya ce ya gaji da zama ɗan aike, ya nemi izininta ya ba shi lambarta.

Saƙonsa na farko gajere ne. "Malama, na janye maganar jakuna. Ta kara ma na janye. A yi min sassauci."

Ta amsa: "Ba a sassauci a tsakiyar jarrabawa. Saura huɗu."

"Ke ko barkono bai kai ki zafi ba."

"To ka sha ruwa."

Tun daga ranar sunan ya bi ta, Barkonona. Ita kuma tana ce masa Baƙon Kano, har wata rana hannunta ya yi gaba ya rubuta Baƙona, ta tura kafin ta lura. Ta zauna tana kallon wayar, kunya kamar ta nutse. Bai ce komai a kai ba, sai dai daga ranar duk saƙon da zai turo da wannan sunan yake rufe shi.

Fahad ya daina gudu Kano ranar Juma'a. Ya shiga layin maƙera a kasuwar Gwarzo, wanda ya sha wucewa ta bakinsa, ya tsaya ya ga yadda ake fitar da lauje daga guntun ƙarfen mota. Da kaka ta yi, Badamasi ya kai shi filin kokawa da yamma, ya yi ta ihu yana goyon bayan wani siririn yaro ɗan Garo har muryarsa ta dushe. Da aka fara yankan rake aka kai shi inda ake dafa mazarƙwaila a fadamar mahaifinta, ya tsaya kusa da tukunya ana gargaɗinsa, ya lashi mai zafi ya ƙone harshe.

A fadamar nan ya fara gaisawa da Malam Zailani, mahaifin Safara'u, manomin rake da albasa, mutum mai ƙarancin magana. Malam ya yi bincikensa a tsanake, ya kuma ga yadda yaron ya yini a kan wani san huɗa na Malam da cikinsa ya kumbura har san ya miƙe. Bayan haka ya ba shi izini ya riƙa zuwa zance bayan la'asar. A zaure suke zama, ita a kan tabarma can gefe, shi a bakin ƙofa. Rabin hirar musu ce, kuma kusan kullum ita ke cin nasara. Wata rana ya ce mata shi fa bai san lokacin da ya fara ƙirga kwanaki da ranakun zuwa Garo ba. Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta, ta ce ita ba ta ƙirga komai. Ya ce to me ya sa jiya da ya makara da minti goma ya tarar da kira uku. Ta ce hannunta ne ya taɓa.

A Kano kuwa maganar ba ta sami shiga ba. Mahaifinsa ya rasu tun yana sakandare, mahaifiyarsa Hajiya Badi'a ita ke da ta cewa. Da ya gaya mata, ta ce duk 'yan matan birni bai ga ta aure ba sai 'yar ƙauye, wadda za ta zo ta shanya mata ganyen kuka a kan tayil ɗin gidanta. Ita tuni ta yi masa zaɓi a ranta, Kamila, 'yar ƙaninta, yarinya mai dubban mabiya a TikTok. Fahad ya yi tunanin abin da ya sauya masa ra'ayi zai sauya nasu, ya roƙi Hajiya ta zo ta gani da idonta. Ta ce ƙafarta ba za ta taka ba. Sai Kamila ta ce ita za ta je ta gano mata, cikin fara'a, har Fahad ya yi mata godiya.

Wuri na bakwai ne ya rage, wanda Safara'u ta ajiye ƙarshe don shi ta fi so. Gidan Inna Maiturare ne, a wani ƙauye kusa da Durun. Tsohuwa ce da ta haura tamanin, aminiyar kakar Safara'u tun suna 'yan mata, mai ginin randa da tulu da kaskon turare. Idonta ya yi rauni, amma hannunta bai taɓa kuskuren bakin tulu ba. Jikarta Zinnira ke kai mata kayan kasuwa.

Su huɗu suka je ranar Asabar, da Badamasi da Kamila. Inna Maiturare ta rasa inda za ta sa su don murna. Ta shimfiɗa wa Fahad tabarmarta ta salla don kada wandonsa ya ɓaci, ta sa aka ɗebo musu ruwan randa mai sanyi da ƙamshin ƙasa. Safara'u ta naɗe hannun riga ta shiga kwaɓa yumɓu, har ya fallatsar mata a goshi. Fahad ya ce shi ma zai gwada, ya gina wani abu mai kama da hula, yana ɗagawa ya rushe a cinyarsa, ya yi ta dariya har da hawaye. Kamila kuwa waya a hannu, tana ɗauka tana ta masha Allah. Da za su tafi tsohuwar ta ba ta kaskon turare mai zane, ta ce ta kai wa Hajiya.

Ranar Litinin, lokacin tara, wata malama ta jawo Safara'u gefe ta miƙa mata waya.

Bidiyo ne a shafin Kamila. A samansa an rubuta: "Yawon buɗe ido a Dubai ta Gwarzo. Ga amaryar Dokta a wajen kwalliya." Ga fuskarta da yumɓu a goshi, an tsayar da hoton an zagaye shi da jan layi. Sai aka jawo bakin Inna Maiturare kusa, bakin da ba haƙori, tana yi musu addu'ar sauka lafiya, aka cire muryarta aka sa kukan jaki. Daidai nan dariyar Fahad ta shigo, wadda har da hawaye. Mutum dubu ɗari da wani abu sun kalla. Ba ta iya karanta abin da suka rubuta a ƙasa ya wuce layi biyar ba.

Ta koma aji ta ƙarasa darasin lissafi, alli ya karye a hannunta sau uku. Da aka tashi ta tsaya a gindin darbejiyar makaranta ta rubuta masa:

"Na ji dariyarka. Da ni kaɗai aka yi wa, zan ɗauka, na saba tun ina kwaleji. Amma tsohuwar da ta shimfiɗa maka tabarmar sallarta? Kada ka sake kira na."

Ya kira sau tara ba ta ɗauka ba. Sai saƙo: "Wallahi Barkonona ba a nan na yi dariyar ba. Tukunyata ce ta rushe, kina wurin, kin gani. Yanko ta aka yi aka liƙa. Yanzu nake ganin abin nan kamar yadda kika gan shi."

Ta san gaskiya ya faɗa. Ta tuna lokacin, ta tuna ita ma ta yi dariyar. Amma sanin bai rage mata komai ba. Ta rubuta masa kalma huɗu: "Kai ka kawo ta." Ta kashe wayar.

Kafin la'asar bidiyon ya zagaye Garo. Da Fahad ya iso, Malam Zailani bai bar shi ya shiga zaure ba, a tsaye a waje ya same shi. Safara'u tana jin su ta bayan katanga. Malam bai ɗaga murya ba. Ya ce shi yumɓu a goshin 'yarsa bai dame shi ba, shi kansa a cikin taɓo yake yini. Amma gidan da za a ɗauki bakin tsohuwa tana addu'a a sa masa kukan jaki, ba zai kai 'yarsa cikinsa ba ko da gidan zinariya ne. Ya ce ya je, Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Safara'u ta shiga ɗaki ta yi kukan da ba ta so kowa ya ji, rabi na baƙin ciki, rabi na haushin kanta da ta bari abin ya kai haka.

Abin da ya faru a Kano, daga bakin Badamasi ta ji. Fahad ya je a ranar, ya tsaya a kan Kamila har ta goge bidiyon, amma wasu sun riga sun kwafa. Hajiya ta ce yarinta ce, kuma ai ba ƙarya aka yi wa kowa ba, ƙauye dai ƙauye ne. Ta ƙara da cewa kawunsa ya samo masa aiki a wani asibitin dabbobi mai zaman kansa a birni, ya tattaro kayansa ya dawo. Fahad ya ce ba zai dawo ba. Ya koma Gwarzo, kullum da safe yana kiran Hajiya ya gaishe ta, amma ƙafarsa ba ta sake taka gidan ba.

Shi kaɗai ya je wajen Inna Maiturare ya durƙusa. Ta ce ita ba ta ganin abin cikin waya, don haka bai dame ta ba. Abin da ya dame ta Zinnira ce. Yarinyar ta kai kaya kasuwa, wasu samari suka kewaye ta suna kukan jaki, ta dawo da kuka ta rantse ba za ta sake zuwa ba. Ga randuna an gasa sun cika tsakar gida, ga hatsin gidan da su ake saye.

Ranar kasuwa ta gaba, Safara'u tana shagon Badamasi da yamma bayan an tashi makaranta, sai ya ce ta leƙa tsallaken titi. Motar Fahad ce a tsaye, but ɗin baya a buɗe, shi kuma yana zaune a ƙasa a tsakiyar tukwanen Inna Maiturare, da farar rigarsa, yana ƙwanƙwasa wata randa da ɗan yatsa yana nuna wa wata mata cewa ba ta tsage ba. Mutane sun taru, wasu suna ɗaukarsa a waya suna dariya.

Ta ce wasan kwaikwayo ne, ta koma ciki.

Kasuwa ta biyu ya dawo. Ta uku ma haka. A ta huɗu Zinnira ce zaune kusa da shi, kanta a ɗage, kuma ba wanda ya yi kukan komai. Duk tsawon lokacin saƙo ɗaya ya turo mata: "Ban zo don ki gani ba. Amma in kin gani, kaskon turare ya ƙare, randa ce ba ta tafiya. Ko akwai dabara?"

Ta yi kwana biyu tana faɗa da kanta, sannan ta amsa: "Ka zuba ruwa a ɗaya tun safe, ka ajiye moɗa. Duk wanda ya sha zai saya."

Badamasi ya kai wa Malam Zailani labarin tukwanen. Malam ya ce ya ji, yaron ya yi abin da ya dace da shi. Amma ba yaron ne ya yi laifin ba, gidansu ne, kuma gida da babbansa ake saninsa. In suna so a sake magana, babbar gidan ta zo da ƙafarta. Ba wajensa ba, shi ba a yi masa komai ba. Wajen Maiturare.

Da Safara'u ta ji sharaɗin ta san an rufe maganar ke nan, don matar da ta ƙi zuwa ganin gari ba za ta zo ba da haƙuri ba.

Hajiya Badi'a ta zo, amma ba don haka ba. Sati shida ba ta ga ɗanta ba, ga hotonsa a cikin tukwane ya kai har wayoyin ƙawayenta. Ta sa direba ya kawo ta Gwarzo ranar kasuwa don ta tafi da shi. Daga shago Safara'u ta ga wata farar mota ta tsaya, wata mace mai leshi ta fito ta tsaya a kan Fahad tana faɗa, yana durƙushe. Muryarta tana kaiwa har tsallake: ta kashe ƙuruciyarta ta ɗauki nauyin karatunsa don ya zo ya zauna a rana yana tallan tukunya saboda wata 'yar ƙauye.

Badamasi ya ce wa Safara'u ta zauna. Ta gyara mayafinta ta tsallaka titi.

Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, ta tambayi hanya, ta tambayi mutanen gida, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Hajiya ta amsa da ƙyar. Sannan Safara'u ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba:

"Hajiya, ni ce Safara'u. Ban zo roƙon ɗanki ba. In kin tafi da shi yau, gobe zan shiga ajina kamar kullum. Amma akwai tsohuwar da ta haifi sa'arki, ta aika miki da kaskon turare, aka mayar da bakinta abin dariya daga gidanki. Daga nan zuwa wajenta bai kai tafiyar minti arba'in ba."

Hajiya ta dube ta daga sama har ƙasa. Ta ce lallai an gaya mata yarinyar ba ta da kunya, yau ta gani. Ta juya ta shiga mota ta rufe ƙofa da ƙarfi. Motar ba ta tashi ba. Can sai gilashi ya sauka.

"Tunda bakinki ya iya, shigo ki nuna hanya. In je in ga abin da ake ta yi min hayaniya a kai."

Safara'u ta shiga, Fahad ma ya bi su har gidan tsohuwar. Inna Maiturare da ta ji an ce mahaifiyar Dokta ce, ta miƙe da sandarta tana lale marhabin, ta sa aka kawo kujera 'yar tsugunno, aka kawo ruwa. Ta yi ta sa wa Fahad albarka, tana cewa Hajiya ta iya haihuwa. Ta tambaya ko kaskon ya isa lafiya bai fashe a hanya ba. Maganar bidiyo ko sau ɗaya ba ta fito daga bakinta ba. Hajiya ta zauna tana amsawa sama-sama, tana juya zoben hannunta. Can ta juya wajen ɗanta ta ce ya ba ta abin ta gani. Ashe duk rigimar nan ba ta taɓa kallonsa ba, labarinsa kawai Kamila ta ba ta.

Ta kalla, tsohuwar tana zaune a gabanta tana murmushi da bakin nan nata. Da kukan jakin ya fito, Inna Maiturare ta karkata kai ta ce, "To, shi ne wannan ɗin ko?"

Hajiya ta kife wayar a cinyarta. Sannan ta zame daga kan kujerar, leshinta a cikin ƙurar yumɓu, ta kama hannun tsohuwar da hannu biyu.

"Inna, ki yafe mana. Daga gidana wannan ya fito."

Tsohuwar ta ce ta yafe tun ranar da yaron ya zo, Allah ya yafe mana baki ɗaya, ta tashi kada kayanta su ɓaci. Safara'u ta juya ta fuskanci randunan da ke jingine da katanga, don kada a ga idonta.

A hanyar komawa Hajiya ta yi magana sau ɗaya, ba ta waiwayo ba. Ta ce har yanzu tana nan a kan bakanta, yarinyar bakinta ya yi yawa. Sannan ta tambayi wace rana ce Malam yake zama a gida.

Sati na gaba ta dawo da Kamila ta sa ta durƙusa a gaban Inna Maiturare da Zinnira, wayarta a kulle a mota. Bayan sati biyu kawunnan Fahad suka zo Garo, Malam Zailani ya shigar da su zaure da kansa. An ɗan ja a kan wurin zama, Hajiya tana son Kano, Safara'u ta aika ta bakin Badamasi cewa tana da 'yan aji huɗu da ba za ta bari a tsakiyar shekara ba, kuma aikin mijin ma a nan yake. Aka tsaya a kan Gwarzo.

An ɗaura aure wata Asabar da hantsi a ƙofar gidan Malam. Motocin Kano da suka saba wuce Garo a guje, ranar sai da aka nema musu wurin tsayawa har bakin fadama. Malam ya ce a kai amarya da sauran rana. Kafin a fito da ita ya sa aka kira ango cikin zaure, ita tana durƙushe a lulluɓe. Ya ce wa Fahad ya ba shi ita da zafin ranta, kada ya ce zai kashe shi, don bai taɓa ganin ta yi fushi a kan abin da ba gaskiya ba. Ita kuma ya ce ta riƙa bari mutum ya kai ƙarshen maganarsa kafin ta yanke masa hukunci. Ya ɗora hannu a kanta ya ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su zuri'a mai jin ƙan tsofaffi, ya sa gidansu ya zama inda baƙo zai shiga ya fita da mutuncinsa. Yana gamawa ya miƙe ya fita da sauri wai zai duba masu mota.

A hanyar Gwarzo, tana tsakiyar gwaggonninta ana ta guɗa, ta ji wayarta ta motsa a ƙarƙashin lulluɓi. Daga motar da ke bayansu ne.

"Barkonona, yanzu dai kin huce?"

Ta goge hawayenta da bakin mayafi, ta rubuta: "Saura kaɗan."

"Kamar kwana nawa?"

"Ka ba ni shekara hamsin, Baƙona. Sai mu gani."

"Na ba ki. In ba su isa ba ki yi magana."

Gwaggonta ta ji kafaɗarta tana rawa, ta ɗauka kuka ne, ta rungume ta tana cewa ta yi haƙuri, kowace mace da haka ta tafi. Safara'u kuwa dariya ce ke cin ta, amma ta bar ta a haka. Allah ya ba su zaman lafiya, ya sa su ga shekarun nan hamsin har da ƙari.